Jawabin Sakataren Ƙungiya Kan Kayan Makaranta Da Hijabin 'Ya'yanmu

   

Shugabanni sun umarce mu da mu yi bayani kan kayan makaranta, wato yunifom, saboda tun da aka koma karatu ƙorafi ke ta zuwa ofishin ƙungiya. Wannan an koro masa yaro don babu bajo a aljihun riga, wancan an ce sandal ɗin ɗansa ba launin da ake so ba ne, wata kuma 'yarta ta dawo da kuka, an tare ta a bakin ƙofa an ce sai ta cire hijabi. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne abin da ke biyo bayan korar. Uba ya yi fushi ya ce ta zauna a gida, bayan mako biyu sai ka gan ta da tiren talla a Mile 12 ko tashar Agege. Karatu ya ƙare ke nan. Mu da sai da muka yi gemu sannan muka shiga ajin yaƙi da jahilci muka koyi rubuta sunanmu, mun san abin da aka raba yarinyar nan da shi.

To, bari mu fara da abin da ke kanmu. Makarantar gwamnati tana da ikon ta ce ga kayan da ɗalibanta za su sa, kuma a ganinmu abu ne mai amfani a gare mu musamman. In yara sun jeru a asambule da kaya iri ɗaya, ba ka gane ɗan mai shago da ɗan mai tura baro, ba ka gane ɗan Bahaushe da ɗan Bayarabe sai sun buɗe baki. Mu da ake kira baƙi, ko da an haifi kakanninmu a nan Ikko, wannan rufin asiri ne.

Akwai dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004, wadda ake kira UBE. Ta ce karatun firamare shekara shida da ƙaramar sakandare shekara uku kyauta ne, kuma dole ne. Ta lissafa abubuwan da ba a biya: littattafai, kayan koyarwa, aji, kujeru da tebura, har da abincin rana. Yunifom ba ya cikin wannan lissafi, saboda haka ɗinka shi nauyin uba ne, sai fa in gwamnati ta ga dama ta raba. Dokar ta kuma ce uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta, karon farko a ja masa kunne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyun. Wanda kuma ya karɓi kuɗi a kan abin da doka ta ce kyauta ne, shi ma ya yi laifi. Ke nan in aka ce ka kawo kuɗi, tambayi na mene ne, kuma ka nemi rasit. Neman rasit ba rashin kunya ba ne.

Shi kansa yunifom ɗin ba saukakken abu ba ne, gwamnati ke sa shi, gwamnati ke canja shi. 'Yan'uwanmu na jihar Oshun shaida ne. A zamanin Gwamna Aregbesola an mayar da makarantun gwamnatin jihar kan kaya iri ɗaya, a 2020 Gwamna Oyetola ya soke, kowace makaranta ta koma nata, iyaye suka sake komawa wurin tela.

Yanzu sai maganar hijabi, wadda ita ce ta fi zafi, kuma muna roƙon iyaye mata su saurara da kyau. An yi shari'ar wannan magana tun daga ƙasa har sama, kuma a nan Legas aka fara. Wasu 'yan mata biyu 'yan makaranta, tare da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, suka kai gwamnatin jiha ƙara. A watan Oktoba na 2014 Babbar Kotun Ikeja ta ba gwamnati gaskiya. Ba su haƙura ba, suka ɗaukaka ƙara, a watan Yuli na 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wancan hukunci. Gwamnati ita ma ta wuce gaba. Ranar 17 ga Yuni, 2022 Kotun Ƙoli ta yanke, alƙalai biyar cikin bakwai suka ce ɗaliba Musulma tana da 'yancin sa hijabi a kan yunifom ɗinta a makarantar gwamnati. Hujjar tana cikin tsarin mulkin 1999: sashe na 38 da ya ba kowa 'yancin addini da bayyana shi, da sashe na 42 da ya hana nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda addininsa, ƙabilarsa ko garinsu na asali. Wannan sashe na 42, jama'a, ya kamata kowane magidanci a nan ya haddace lambarsa, domin amfaninsa gare mu ya wuce maganar hijabi.

Ku lura, shekara takwas tsakanin hukuncin farko da na ƙarshe, kuma da takarda da lauya aka ci wannan nasara. A inda aka bar abin ya zama na ƙarfi, an ga sakamako. A jihar Kwara a 2021 sai da gwamnati ta rufe makarantu goma a Ilori kan wannan rigima, a 2022 kuma aka rasa rai a Ijagbo. Mu nan haya muke zaune, dukiyarmu a fili take a kasuwa. In wuta ta tashi, rumfunanmu za ta fara ci.

Amma mu ma kada mu wuce gona da iri. Hukuncin nan bai ce yarinya ta bar yunifom ta zo da atamfa ba, kuma a kan makarantun gwamnati aka yi shi. Tun 2018 hukumar ilimi ta Legas ta fitar da takardar da ta ce hijabin ya zama gajere, mai tsabta, launinsa ɗaya da na siket ɗin makaranta. Wanda ya aika 'yarsa da hijabi ja har ƙasa a makarantar da kayanta shuɗi ne, shi ya ba malami abin faɗa.

Ga abin da kwamiti ya tsayar. In an koro maka yaro, kada ka tafi makaranta cikin fushi, kada kuma ka tura matasa. Ka zo ofis, za mu haɗa ka da mutum biyu da ke jin Yarabanci da Turanci, ku je wurin shugaban makaranta, a yi gaisuwa yadda mutanen nan suke so, sannan a nemi dalili. In bai warware ba, mu rubuta wa hukumar SUBEB ko ofishin ilimi na shiyya, mu ajiye kwafi. Kuma ranar taron iyaye da malamai a rufe shago a je, domin a nan ake tsayar da maganar kayan wasanni da bajo, kuma kujerunmu galibi babu kowa a kai.

Game da marayu da waɗanda ba su da hali, telolinmu sun yarda su yi ɗinki ba kuɗin aiki in an kawo yadi. Mai yunifom ɗin da ya yi wa ɗansa kaɗan ya wanke ya kawo. Ma'aji zai zauna a bakin ƙofa bayan an tashi, ya karɓi sunan yaro, makarantarsa da ajinsa, kafin Juma'a mai zuwa.