Makaranta da Al'ummarta: Darasi Daga Tarihin Wasu Ƙasashe

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. 

An nemi in yi bayani a kan sabon tsarin koyarwa da dangantakarsa da al'umma. Abin nufi da sabon tsari shi ne ɗalibi ya fahimci abin da yake karantawa kuma ya aikata shi, maimakon hadda kaɗai, sannan makaranta ta zama wani ɓangare na rayuwar jama'arta.

A Amurka, wanda ya fi shahara da wannan ra'ayi shi ne John Dewey. A 1896 ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Shikago, inda yara suke koyon lissafi da kimiyya ta hanyar girki da saƙa da kafinta. Hanyarsa tana da amfani, amma aƙidarsa ba tamu ba ce, domin shi gwajin ɗan Adam ya ɗauka ma'aunin gaskiya, ba wahayi ba. Saboda haka muna iya ɗaukar dabarar mu bar masa falsafarsa.

A Turkiyya gyara daga sama ya zo. A 1924 gwamnatin Mustafa Kamal ta rufe makarantun addini, ta haɗe ilimi duka a hannunta, kuma a shekarar ne Dewey ya ziyarci ƙasar ya ba da shawarwari. A 1940 aka kafa makarantun horar da malaman ƙauye, inda ɗalibai suke noma da gini da hannunsu, amma aka rufe su a 1954 bayan adawa mai tsanani.

Musulmin Indiya kuwa hanyoyi uku suka bi. An kafa Darul Ulum ta Deoband a 1866 bisa ƙa'idar dogara ga gudummawar talakawa, don kada hukuma ko wani attajiri ya mallake ta. Sayyid Ahmad Khan ya kafa makarantar Aligar a 1875 a kan tsarin Ingila. Sai Nadwatul Ulama, wadda aka kafa a 1894, ta yi ƙoƙarin haɗa ilimin addini da na zamani.

Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na Indunusiya. Shaihu Ahmad Dahlan ya fara makaranta a gidansa a birnin Yogyakarta, da benci da allon bango, har wasu suka zarge shi da koyi da kafirai. A 1912 ya kafa ƙungiyar Muhammadiyya, a 1917 aka kafa reshenta na mata mai suna A'ishiyya. Yau ƙungiyar tana da dubban makarantu da jami'o'i da kwalejoji sama da ɗari, ban da asibitoci da gidajen marayu, kuma ƙarfinsu daga waƙafi da gudummawar 'yan ƙungiya yake.

Haka nan a Aljeriya. Shaihu Abdulhamid bin Badis da ƙungiyar malaman da aka kafa a 1931 sun buɗe makarantun Larabci da kuɗin jama'a. Faransa ta tsananta musu da dokar 1938, amma makarantun ba su mutu ba, domin masu su suna nan.

To, 'yan'uwa, mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru, jajoji suna kai karatu ga matan ƙauyuka har cikin gidajensu. A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947.

Amma mu dubi Islamiyyoyinmu na yau da idon gaskiya. Uba ya kai ɗansa, shi ke nan, bai san sunan malaminsa ba. Malami ya yi wata uku ba a ba shi haƙƙinsa ba. Yaro ya haddace hadisi arba'in, a tambaye shi ma'anar ɗaya ya yi shiru. Wallahi wannan amana ce, kuma za a tambaye mu.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, makarantar da jama'a suka ɗauka tasu ita ce take ɗorewa. Saboda haka ina kira ga kowane reshe ya kafa kwamitin iyaye da malamai mai zama kowane wata, a ware waƙafi don albashin malamai, a riƙa fassara wa yara abin da suka haddace, kuma a sanya sana'ar hannu a cikin manhaja ga maza da mata.

Allah Ya ba mu ikon aikatawa, Ya shiryi zuriyarmu, amin.