Zauren Shafin Intanet: Wa Ake Tarewa, Wa Ake Bari Ya Shiga?

 

In ƙungiyar manoman albasa a Madawa, ko ma'aikatar magajin garin Ibohamane, ta buɗe shafin intanet yau, da wuya kwamfutar da ke ɗauke da shafin ta kasance a Nijar. Galibi haya ake kamawa a Faransa ko Amurka. Ɗalibi a Keita zai taɓa salularsa don ya duba sanarwar da aka rubuta a maƙwabtansa, sai buƙatar ta bi eriyar Airtel ko Moov ko Zamani, ta ratsa wata ƙasa zuwa gaɓar teku tunda mu ba mu da ita, ta shiga wayar ƙarƙashin ruwa har Turai, kafin amsa ta juyo. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka ji a jikinsu.

Saboda wannan nisa kamfanoni irin su Akamai, da aka kafa a 1998, da Cloudflare na 2009, suka samu kasuwa. Aikinsu irin na zaure ne: baƙo ya tsaya nan, a ba shi abin da ya zo nema, ba sai ya leƙa cikin gida ba. Mai shafi yana karkata adireshinsa zuwa gare su, su kuma su ajiye kwafin hotuna da rubutunsa a cibiyoyinsu na birane da yawa, har da Legas da Akara. Mai ziyara sai ya karɓa daga cibiya mafi kusa. Suna kuma ɓoye ainihin adireshin kwamfutar, su shanye harin da ake kaiwa da dubban na'urori a lokaci guda don a durƙusar da shafi. Irin wannan hari ne a Oktoban 2016 ya faɗa wa kamfanin Dyn, ta hanyar kyamarori da ƙananan na'urorin gida da aka kame, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga ɗimbin jama'a. Cloudflare na da tsari na kyauta, kuma ina ganin ƙaramar ƙungiya ba ta da dalilin ƙin sa.

Amma ga abin da ya fi damuna. Adireshin intanet na tsohon tsari bai wuce biliyan 4.3 ba, kuma ya yi ƙaranci, shi ya sa kamfanonin salula ke tara mutane masu yawa a bayan adireshi ɗaya. In waya guda a cikinsu ta kamu da muguwar manhaja, sai zargi ya hau kan kowa. Nan ne mutuminmu ke cin karo da shafin da ke cewa ya tabbatar shi ɗan Adam ne, da Turanci ko Faransanci, wani lokaci ma a ce ya zaɓi hoton fitilar ba da hannu ko famfon kashe gobara. Ku duba mace a ƙauyen Ibohamane, ta sayi megabait na 'yan dalolinta, reso na zuwa yana ɗaukewa, tana son ganin ranar rigakafin yara. Kuɗin zai ƙare tana nan a ƙofa. Wasu masu kula da shafi kuma, don tsoron ɓarayi, sukan toshe ƙasashe ɗungurungum, alhali 'ya'yan yankinmu na Adar da ke ci-rani a Abijan da Legas da Libiya su ne suka fi ƙishin labarin gida. Duk waɗannan matakai ana iya sassauta su da hannu. A rage tsananin bincike ga masu shigowa daga Nijar da maƙwabtanta, a ƙanƙanta hotuna, a sa murya da Hausa da Tamajak. Gwajin kuma kada a yi shi a ofis a Yamai. A yi shi da tsohuwar waya, a ƙauye, ranar kasuwa.

Sai batun amana. Ɗan kwadon da wasu manhajoji ke nunawa a saman shafi, alamar an kulle saƙo, a wajen kamfanin ake buɗe shi, ma'ana abin da mutum ya rubuta yana ratsawa ta hannunsu a fili. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka kuma kafa hukumar HAPDP don kula da ita. Sunayen marasa lafiya ko na masu karɓar agaji ba abin da za a ɗora ba ne sai an yi shawara.

Su ma kamfanonin suna tuntuɓe. Fastly ya tsaya ranar 8 ga Yuni 2021, shafukan BBC da na gwamnatin Birtaniya suka ɓace na kusan awa guda. Cloudflare ma ya tsaya ranar 18 ga Nuwamba 2025. Kuma kwafin da suke riƙewa ba ajiya ba ce. Da gobara ta cinye wani ginin kamfanin OVH, mai ba da hayar kwamfutocin ɗaukar shafuka, a Strasbourg a Maris 2021, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri sun yi asarar da ba ta dawowa. Ina tunanin taswirori da rahotannin aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya da FAO. Ranar da za a ɗora irinsu a shafi, a bar kwafi ɗaya a Keita, ɗaya a jami'ar Tawa. Asusun kamfanin da sunan shafin kuwa a yi musu rajista da sunan ma'aikata, mutum biyu su riƙe kalmar sirri, domin saurayin da ya gina shafin yana iya tafiya ci-rani bayan kaka da lambar wayarsa.