Rajistar Talakawa da Makahon Gurbinta: Ina Matsayin Masu Fasaha?

Abin da wannan takarda ke son kafawa shi ne cewa tsarin tallafin da Nijeriya ta gina yana iya gane talaucin da ya zauna daram a gida, amma ba ya ganin talaucin da ke zuwa ya tafi ya dawo, wanda shi ne irin na mawaƙi da makaɗi da ɗan wasan fim da marubuci.

A 2016 gwamnatin tarayya ta fara raba Naira 5,000 a wata ga gidaje marasa galihu, da rancen Dala miliyan 500 daga Bankin Duniya, daga baya aka haɗa da Dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido. Hanyar zaɓen mutane tana da kyau a yi mata kallon kusa. Jami'ai kan tara mutanen gari, maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya faɗi gidajen da ya sani sun fi kowa shan wahala. Sai masu ƙidaya su bi gida-gida suna duba rufin ɗaki, ko jinka ne ko kwano, da inda ake ɗebo ruwa, da yawan bakunan da ake ciyarwa. Wanda ya cancanta ya shiga rajistar ƙasa, kuɗin kuma galibi uwar gida ake damƙa wa. Wannan ma'auni ya dace da bazawara mai marayu a ƙauye. Amma makaɗin da ya samu da yawa a lokacin bukukuwan bayan girbi har ya yi rufin kwano, sannan ya shafe watanni babu ko gayyata ɗaya, ma'aunin zai ce yana da hali. Kullen korona na 2020 ya fito da wannan fili, domin da aka hana taron biki, sana'ar ta tsaya cak a dare ɗaya.

A da, uban gida ne ke toshe wannan gurbi. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, kuma makaɗan fada ba su rasa hatsi da sutura. Yau 'yan siyasa suka gaji wannan kujera, kuma abin da ake biya da shi, a ganina, ya yi tsada: mawaƙin da abincin iyalinsa ke hannun mutum ɗaya ba zai iya faɗa wa mutumin gaskiya ba.

Wasu ƙasashe sun nemi mafita. A Faransa, mai wasan kwaikwayo ko mawaƙin da ya tara awa 507 na aiki a cikin wata 12 yana samun alawus a kwanakin da ba shi da aiki, daga asusun da shi da masu ɗaukarsa aiki suke zubawa. Ayilan kuwa a 2022 ta zaɓi masu fasaha 2,000 ta hanyar ƙuri'a tana ba kowanne Yuro 325 a mako. Tsarin Faransa ne ya fi kusa da buƙatarmu, domin adashi ne mai ƙa'ida, mutum yana cin guminsa ne.

Za a ce, kuma da hujja, ƙasar da hukumar ƙididdigarta ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama ba ta da sukunin ware wa mawaƙa kaso. Amsar ita ce ba a neman a taɓa kason marayu. Asusun da za a riƙa zuba masa wani ƙaramin kaso daga kuɗin kowane fim da kowane wasa, gwamnati ta ɗan tallafa, ba ya gogayya da rajistar talakawa, yana ma hana wasu faɗawa cikinta idan tsufa ko ciwo ya zo. Za a kuma ce kuɗin zai salwanta, tunda a Janairun 2024 sai da aka dakatar da ministar jinƙai da shirye-shiryen tallafin kan zargin almundahana. Wannan fargaba tana nan, shi ya sa ya kamata masu zubin su sami kujeru a kwamitin asusun, a riƙa biya kai tsaye ta banki bisa lissafin aikin da kowa ya yi.

Babban cikas shi ne rashin kwantiragi a rubuce, domin mafi yawan aikin Kannywood da baki ake ƙulla shi. Sai dai hukumar tace finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, tana yi wa 'yan masana'antar rajista, kuma kowane fim sai ya bi ta hannunta kafin ya fita. Idan aka wajabta wa furodusa ya miƙa sunayen waɗanda suka yi masa aiki da kwanakin da kowa ya yi tare da fim ɗin, to an sami littafin da za a fara lissafi da shi.