Bayan Baƙi Sun Koma Gida

Bayan da Boko Haram ta mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi a 2014, 'yan'uwansu daga Amurka sun zo, sun ɗauki bulo tare da jama'a wajen gina majami'u. Zumuncin nan ya faro ne a Garkida tun 1923.

Sai dai baƙo makonni yake yi, gini kuwa yakan ci shekaru. Bango ya kai linta, kuɗin kwanon rufi ya gagara, damina ta sauka a kansa.

Don haka wanda ya koma gida ya riƙa kiran kwamitin gini, ya ji nawa buhun siminti ya kai. Ku kuma 'yan kwamiti, ku aika hoto da rasit duk wata, ko ba a tambaye ku ba.