Aikin Gida Ga Yaran Nazare: Nauyin Da Bai Dace Ba

 Ya ku 'yan'uwa iyaye da malamai, jawabinmu na yau yana kan ɗabi'ar da ta yaɗu a makarantun nazare, wato ɗora wa yaro ɗan shekara uku ko huɗu rubutun da zai yi a gida bayan an tashi. Mu a ganinmu wannan kuskure ne.

Da farko, shari'a ta koya mana bin mataki-mataki. Salla ginshiƙin addini ce, amma sai yaro ya kai shekara bakwai ake umurtarsa da ita. To, ina dalilin tsananta wa wanda yatsunsa ba su gama ƙwarin riƙe fensir ba?

Na biyu, asalin irin wannan makaranta wasa ne. Friedrich Froebel, wanda ya kafa ta a Jamus a 1837, a kan wasa da waƙa da aikin lambu ya gina ta. Haka nan manufar ilimi ta Nijeriya ta 1977 ta tanadi a koya wa ƙananan yara haruffa da ƙidaya ta hanyar wasa, kuma da harshen uwa.

Na uku, jikin yaro yana da hakki. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa ɗan shekara uku zuwa huɗu ya sami barcin awa 10 zuwa 13, da motsa jiki na minti 180 kowace rana. Daga wannan lokaci ne ake yankar na aikin gida.

Mafi muni kuma, idan yaro ya gaji ya fara kuka, sau da yawa uwa ko yaya ke rubuta masa, washegari malami ya yaba. Ashe mun koya masa ha'inci da ƙin karatu tun bai iya rubuta sunansa ba.

Saboda haka muna kira ga iyaye da su daina auna makaranta da yawan littattafan da ke cikin jaka, domin wannan ne ke tura masu makarantu ga gasar banza. Aikin da ya hau kanmu a gida shi ne mu yi hira da yaro, mu ba shi tatsuniya, mu ƙirga cokula tare da shi, mu amsa tambayoyinsa, sannan mu bar shi ya yi barci da wuri. Yara amana ce, kuma za a tambaye mu.

Allah ya shirya mana zuriya, amin.