BANGASKIYA A GIDAN MA'AIKATA
Karatu: 2 Timoti 1:3-7



A wurin da muka karanta, Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyar da ke cikinsa ta fara zama a zuciyar kakarsa da ta mahaifiyarsa. Yau za mu dubi wani gida a ƙasar Sikotland inda aka ga irin wannan.

A shekara ta 1859 wani mai ɗinkin takalma ya kwashi iyalinsa daga Abadin zuwa Dundi neman abinci. Dundi garin masaƙu ne, ana saƙa lilin da zaren rama na yin buhuna. Iyalin suka sauka a unguwar matalauta. Maigidan mashayi ne, abin da ya samu a giya yake ƙarewa. Dole matar ta shiga masaƙa domin ta ciyar da yara. 'Yarsu Mary Slessor, wadda aka haifa a 1848, ta fara aiki a masaƙar Baxter tana da shekara 11, rabin yini aiki, rabin yini makaranta. Da ta kai 14, sai ta koma yini cur, daga ƙarfe 6 na safe har 6 na yamma. Daren Asabar kuwa daren fargaba ne, gama a ranar ne uban yakan dawo a buge.

Me uwar nan ta yi? Ba ta da dukiyar da za ta bar wa 'ya'yanta. Amma ran Lahadi takan shirya su, ta kai su sujada. Takan karanta musu mujallar mishan ta ikkilisiyarsu, mai ɗauke da labarin aikin bishara a Kalaba. Da gajiyarta da hawayenta, ba ta fasa ba.

Mary ta girma tana saƙa, tana koyar da yaran unguwa Maganar Allah. A 1876 ta shiga jirgin ruwa zuwa Kalaba. A can ta ceci tagwaye da yawa waɗanda al'ada ta ce a yar da su, ta goye su kamar nata, har ta rasu a 1915. Yarinyar da ta san tsoro a gidan ubanta, ita ce ta zama uwar yaran da aka ƙi.

'Yar'uwata, wataƙila gidanki haka yake. Albashi ba ya kai ƙarshen wata, maigida kuwa sai gidan burkutu. Kada ki ɗauki nauyin nan ke kaɗai. Ki faɗa wa dattawan ikkilisiya da zumuntar mata. Kada kuma ki rena 'yar addu'ar da kike yi da yara kafin su kwanta. Iri ne kike shukawa, Allah ne mai sa ya tsiro.

Kai kuma ɗan'uwa, idan kai ne 'ya'yanka suke ɓuya in sun ji motsinka, ka tuba tun yau. Ƙofar jinƙai tana buɗe.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ƙarfafa iyaye mata masu wahala, ka kuɓutar da waɗanda giya ta ɗaure, ka kiyaye 'ya'yanmu. Cikin sunan Yesu. Amin.