Jawabin ƙungiya ran sadakar arba'in ta Inna

Maigari, liman, dattawa, iyayenmu mata, da ku ƴan'uwa da kunka taso daga Maraɗi, Yamai da Kano, sannunku da zuwa. Allah shi ba da ladar zumunci.

Yau kwana arba'in da rasuwar Inna. Ɗiya bakwai ta haihwa, amma ba mai iya ƙidaya ɗiya da jikokin da sunka sha hura cikin ƙwaryarta. Mu da ke magana da sunan ƙungiya, kusan dukanmu mun ci tuwonta, mun kuma sha tsumagiyarta.

Dattawa sun san abin da munka gani a 1984. Damana ta ƙi, hatsi ya bushe tun bai hidda kai ba. Najeriya kuma ta ruhe iyakarta, shi ya sa mutanenmu ke ce ma wannan yunwa El Buhari. Maza sunka watse neman abinci, Inna ta zamna da yara. Tun asuba take hita daji ta tsinko anza, ta jiƙa ta kwana da kwanaki tana canza ruwa har ɗacin shi hita, ta haɗa mana da jiga. Jajayen awakinta ta saida su ɗaya bayan ɗaya, ta bar guda saboda nono.

Ƙuryar ɗakinta akwai wani tulu da ta liƙe bakinshi da laka. In yunwa ta matsa mu muna nuna shi, sai ta ce maganin manya ne. Wata maƙwabciya ta gane hatsi ne, ta yi mata gorin rowa gaban mata bakin rijiya. Inna ba ta tanka ba. Ran da ruwan shuka ya sauka a 1985, ta buɗe tulun: tiya huɗu ta iri daga gamanarta. Ta raba ma gidajen da sunka cinye nasu, har da gidan mai gorin.

Ƴan'uwa, mu gaya ma junanmu gaskiya. Shekarunta na ƙarshe, mun riƙa aiko mata ƴan jikkuna lokacin salla, muna ganin mun sauke nauyi. Ita kuwa duk direban da ya shigo ran kasuwa, tambayarta guda ce: yaushe yaran za su zo? Da yawanmu ta salula munka ji rasuwarta, ko jana'iza ba mu samu ba.

Inna ta tahi, amma akwai tsohin mata irinta cikin garin ga, ɗiyansu na wajen cin rani. Saboda haka ƙungiya ta tsaida shawara biyu. Ta ɗaya: da kaka, kowane ɗan ƙungiya shi kawo tiya biyar ta hatsi ko kuɗinta, a zuba rumbun tsimi. Ba a buɗe shi sai tsakiyar damana, lokacin da rumbuna sunka ƙare, kuma tsohin mata da marayu ke samu kahin kowa. Ta biyu: duk wanda ya zo gida shi zagaya shi gaida tsohin nan kahin shi zamna majalisa. Littahin rubuta suna yana hannun ma'aji, kar kowa shi koma bai sa sunanshi ba.

Allah shi jiƙan Inna, shi haskaka kabarinta, shi raya abin da ta bari. In tamu ta zo, Allah shi sa mu cika da imani. Amin.